Fim ɗin Ayka: wakilcin baƙi ne, ko cinikin wahalarsu?

Malam Bashir, Agege:
Assalamu alaikum. Daren jiya na kalli Ayka, fim ɗin da Sergey Dvortsevoy ya fitar a 2018, kuma har yanzu abin yana raina. Labarin wata matashiya ce 'yar Kirgistan da ta je ci-rani Mosko, babban birnin Rasha, ta haihu a asibiti, sannan ta tsere ta taga ta bar jaririn, domin bashi ya yi mata katutu, takardar izinin aikinta kuma ta ƙare. Ana nuna ta tana figar kaji, waɗanda suka ɗauke ta aikin suka gudu da haƙƙinta, ga dusar ƙanƙara ta rufe gari. Tambayata ita ce, idan ana auna yadda fim ya wakilci baƙi, wannan ya cika sharaɗi, ko kuwa wahalar talaka ce aka sayar wa masu kallo na Turai?

Hajiya Rabi, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Malam. A ganina ya cika, kuma hujjata tana nan gida. Ka tuna yadda yawancin finafinan kudu suke nuna Bahaushe: maigadi ne a bakin ƙofa, yana gurɓata Turanci don a yi dariya, ba a taɓa bin sa zuwa ɗakinsa a ga abin da yake ci ko wanda yake aika wa kuɗi ba. Ayka kuwa ita ce tsakiyar labari, kyamara tana manne da ita kusan ko'ina, har mai kallo yana ganin Mosko da idon wanda birnin ba ya gani. Samal Yeslyamova, wadda ta fito a matsayinta, ta samu kyautar jarumar da ta fi kowa a bikin finafinai na Cannes a Faransa a shekarar.

Alhaji Nura, Obalende:
Hajiya, ki yi mini afuwa, amma ban gamsu ba. Jarumar nan Bakazaƙiya ce, wato 'yar Kazakistan, ba 'yar Kirgistan ba, kuma ko da yake an haifi daraktan a Kazakistan, ba daga cikin 'yan ci-ranin ya fito ba. Abin da ya fi damuna shi ne, daga farko har ƙarshe ba a ba yarinyar damar yin wani abu ba sai gudu da zubar jini. Mu da muke zaune a baƙon wuri mun san cewa ɗan ci-rani yana da ranar biki da raha, ba kullum kuka ba.

Malam Bashir, Agege:
To Alhaji, wane fim ne za ka ce ya fi?

Alhaji Nura, Obalende:
Ka nemi finafinan Yakutiya, can gabashin Siberiya. Rasha tana da ƙabilu fiye da 190, amma su Yakut sun gina masana'antarsu da harshensu da ƙaramin jari, kusan yadda Kano ta yi. Pugalo, na Dmitry Davydov, wanda a lokacin malamin makarantar ƙauye ne, ya lashe babbar kyautar bikin finafinan Rasha na Kinotavr a 2020. Shi ma akwai baƙin ciki a cikinsa, labarin wata mai magani ce da mutanen garinta suke ƙyama, sai dai 'yan gida ne suka ba da shi.

Hajiya Rabi, Idi-Araba:
Zan neme shi, Alhaji. Amma su Yakut a ƙasarsu suke. Mai figar kaji a Mosko ba ta da kuɗin haya, balle na kyamara.