"Kama da wane ba ta wane", har cikin jini ma?

Bala Mai Lab: Assalamu alaikum 'yan uwa, mun saba jin wannan karin maganar in mutum ya ɗebo kamannin wani amma hali ya sha bamban, to ni dai ina ganin har cikin jini tana aiki. Fararen ƙwayoyin jini da ake kira niyutirofil suna da wani maƙali a jikinsu, CD16b, shi ke cafke jelar antibodi, wato furotin da jiki ke yi don yaƙar cuta, in ta manne wa ƙwayar cuta, kusan kowa na da shi amma iri biyu aka fi sani, NA1 da NA2. A NA1 wuri 4 ne sukari ke maƙalewa, a NA2 wuri 6, kuma mai NA1 ya fi saurin haɗiye ƙwayar cutar.

Maman Nabila: Malam Bala sukarin ciwon suga kake nufi?

Bala Mai Lab: A'a Hajiya, wasu 'yan sarƙoƙi ne da ƙwayar jinin ke ɗaura wa furotin irin su CD16b tun tana ƙera shi.

Baba Idi: Yaro ka ɗauko karin magana ba a muhallinta ba. In dai daga iyaye ake samun NA1 ko NA2 ai "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe" ce ta dace. Waccan gargaɗi ce kada kama ta ruɗe ka, ba zancen gado ba ce.

Zulai: Baba a gafarce ni, gadon wurin ɗaurin kawai yake nunawa, irin sukarin da za a ɗaura kuwa ya danganta da ƙwayar da ta ƙera shi, shi ya sa ɗan'uwan CD16b, wato CD16a, na ƙwayoyin NK da na monosayit (su ma fararen ƙwayoyin jini ne) a jikin mutum ɗaya sukarinsu ba iri ɗaya ba ne. Kuma abin ba ƙarami ba ne wallahi, a 2002 a Faransa an ga masu limfoma, wata kansar fararen ƙwayoyin jini, da suka gaji nau'in CD16a mai alamar V a gurbi na 158 na furotin ɗin daga uwa da uba sun fi amsa maganin rituximab, wanda shi ma antibodi ne, kusa da nan kuma a gurbi na 162 akwai sukarin da ke taɓa antibodin kai tsaye.

Baba Idi: To 'yata a kan ƙwayoyi biyu na jiki ɗaya na yarda da ta Bala, amma tsakanin mutum da mutum ina nan kan barewata.