Ƙwallo ta faɗo, lissafin g ya ƙi fitowa daidai

Tambaya:
Malamai, a taimaka. An saki ƙwallo daga tsayin mita 1.25, an ɗauki bidiyo mai hoto 30 a kowace daƙiƙa. Daga sakinta zuwa taɓa ƙasa na ƙirga hoto 16. Na raba 16 da 30, na saka a g = 2h/t² (g shi ne yadda saurin abu yake ƙaruwa idan yana faɗowa ƙasa, h tsayi, t kuma lokaci), sai ya ba ni 8.8 maimakon 9.8 da aka sani. Ina kuskuren yake?

Amsa ta farko:
Ɗan'uwa, hotuna ka ƙirga, alhali tazarar da ke tsakaninsu ce lokaci. A hoton farko agogo yana kan sifili. Hoto 16 tazara 15 ke nan, wato daƙiƙa 0.5. Sake lissafi: 2h ya zama 2.5, t² kuma 0.25, don haka 2.5 ÷ 0.25 = 10. Ka ga ka matso.

Amsa ta biyu:
Haka ne, amma 10 ɗin ma kada ka riƙe shi da ƙarfi. Kowace tazara daƙiƙa 0.033 ce, kuma da yake ana ninka t da kansa, kuskuren hoto guda yana karkatar da g da kusan kashi 13 cikin 100. Gara ka ɗauka da hoto 240 a daƙiƙa, za ka samu tazara wajen 121. Sai dai ka kula, waya tana nuna irin wannan bidiyo a hankali, don haka da 240 za ka raba, ba da 30 ba.

Amsa ta uku:
Auna tsayin daga ƙasan ƙwallon, ba tsakiyarta ba. Ka kuma zaɓi ƙarama mai nauyi, domin iska tana riƙe marar nauyi.