Ciki wata biyar amma kasala ta ƙi sakina: laulayi ne ko jini ne ya yi ƙasa?

Maman Biyu, Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da juna biyu wata biyar, ciki na uku ke nan, kuma ƙaramin yarona bai cika shekara biyu ba. Amai ya tsaya tun a wata na uku, amma gajiya sai gaba take yi. Sharar tsakar gida kaɗai sai na zauna na huta, zuciyata na bugawa da ƙarfi, in na miƙe da sauri kuma jiri ya ɗebe ni. Ga kwaɗayin farar ƙasa da tauna ƙanƙara. Magungunan awo ina shan su da safe tare da shayi, wani lokaci in tsallake saboda suna tayar mini da zuciya. A gida an ce laulayi ne, zai wuce. Don Allah masu sani ku ba ni shawara.

Anti Ungozoma:

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jiki, Allah Ya raba lafiya.

Gajiyar wata ukun farko daban take. Ita sinadarin jikin mace mai riƙe ciki ne ke hauhawa, yana sa barci da mutuwar jiki, ga amai yana hana abinci zama. Yawanci tana sauƙi daga mako na 13 zuwa 16, mace ta ji ƙarfinta ya dawo, sai kuma nauyi ya sake kama ta a wata ukun ƙarshe. Wata na biyar shi ne lokacin da ya kamata ki fi jin ƙarfi. Tunda ba haka ba ne, ga bugun zuciya, ga jiri, ga cin farar ƙasa, ni zan ɗauka ƙarancin jini ne har sai gwaji ya nuna akasin haka.

Dalilin kuwa shi ne, a lokacin ciki jinin mace yana ƙaruwa da kusan rabin yadda yake, amma ruwan jinin ya fi ƙwayoyinsa saurin ƙaruwa, sai jinin ya tsinke, kamar kunun da aka ƙara wa ruwa ba a ƙara gari ba. Garin nan shi ne ƙwayoyin jini, su kuma jiki da sinadarin ayon yake yin su, wato sinadarin da ke cikin ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a wajen awo. Jariri da mabiyiya suna ɗibar nasu ayon ɗin daga jikinki ko kina da shi ko ba ki da shi, kuma cikin da ya zo kafin a shekara biyu da haihuwa yakan tarar da ajiyar uwa ba ta gama cikowa ba.

Kada ki jira ranar awonki. Ki je cikin makon nan, ko asibitin unguwarku ko na Turai 'Yar'adua, ki ce a yi miki waɗannan: gwajin yawan jini wato PCV, gwajin zazzabin cizon sauro, gwajin fitsari, sannan a auna hawan jini. In ba ki san rukunin jininki na sikila ba, a haɗa da shi. Ki nemi a faɗa miki lambar, kada ki tsaya a "ba komai". PCV 33 zuwa sama shi ake so. Ƙasa da 30 yana buƙatar magani na sosai, ba na rigakafi kawai ba. Ƙasa da 21 kuwa babbar magana ce, kwanciya ce a asibiti, sau da yawa har da ƙarin jini.

Sai maganar yadda kike shan maganin, don a nan mata da yawa ke yin asara. Ganyen shayi yana ɗaure ayon a cikin hanji ya hana jiki tsotsarsa, madara ma haka. Wadda ta haɗiye ƙwayar da shayi mai kauri, kaɗan ne zai shiga jikinta. Ki sha da ruwa zalla, ko ki bi shi da lemon zaƙi ko gwaba, domin bitamin C na taimaka masa shiga. Ki bar tazarar awa biyu tsakaninsa da shayi, madara, nono, ko maganin ƙwannafi. In yana tayar miki da zuciya da safe, ki mayar da shi bayan sallar isha'i da ɗan abinci kaɗan a ciki. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba matsala ba ce. In ya yi tauri, ki ƙara ruwa da ganye, kada ki daina maganin.

Farar ƙasar nan ki bar ta. Ita ma tana hana ayon shiga jiki, kuma tana iya ɗauko ƙwan tsutsar ciki. Kwaɗayinta yakan tafi da kansa in jini ya hau.

Hajiyar Rafin Daɗi:

Anti ta gama magana kan magani, ni bari in taɓa tukunya.

Abu na farko, a daina yaudarar masu ciki da haɗin maltina da madarar gwangwani wai ƙarin jini. Suga ne da madara, za ki ji ɗan ƙarfi na awa guda ya wuce, ayon ɗin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Jan launin abu ma ba shi ne jini ba, don haka zoɓo ba zai maye gurbin ƙwayar asibiti ba. Kuɗin maltina da madara gara a sayi nama ko ƙwai biyu.

Ayon na nama da kifi ya fi saurin shiga jiki fiye da na ganye. Yanka biyu ko uku na jan nama a miya, ko busasshen kifi, ya isa ya taimaka wa na waken da ganyen da aka ci tare da shi. Hanta tana da ayon sosai, amma bitamin A ya yi mata yawa, yawansa kuma yana cutar da jariri, saboda haka ba abin ci kullum ba ce, ɗan yanki jefi-jefi in ma za a ci.

Na ganye kuwa Allah Ya hore mana: zogale, alayyahu, rama, kuka, ga wake, gyaɗa, waken suya, gero da daddawa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, a yanka ɗanyen tumatir da albasa, a matsa lemon tsami a kai, wannan cikakken abinci ne ga mai ciki. Alayyahu a zuba shi a ƙarshen girki, minti biyar ya isa, kada a dafa shi har ya koma baƙi. Wake a jiƙa shi ya kwana a zubar da ruwan kafin a ɗora, ya fi saurin nuna kuma ba ya cika kumbura ciki. Fura da nono abinci ne mai kyau, da sharaɗin an tafasa madarar kafin a yi nonon, kuma ba lokacin shan ƙwayar ayon ba.

Kada ki jira sau uku a rana. Ki raba abincin gida biyar ko shida, kaɗan-kaɗan. Tuwo malmala biyu da rana shi ke kwantar da mace har la'asar, shayi da farin burodi kaɗai da safe kuma kafin hantsi yunwa ta dawo da rawar jiki. Kunun gyaɗa da ƙosai ko dafaffen ƙwai ya fi riƙe ciki.

Ruwa kuma, a zafin Katsina na watan Maris zuwa Mayu mai ciki tana iya yin jiri don ƙishirwa kawai. Ledar fiya wata rabin lita ce, ki yi ƙoƙarin shan biyar zuwa shida a yini. Fitsarinki zai gaya miki: in ya yi ja-ja, ruwa bai isa ba. Goro da kofi da lemon kwalba masu sa kuzari ba maganin gajiya ba ne, suna ƙara bugun zuciya su hana barcin dare.

Malam Na Ɗakin Magani:

Hajiya, a ƙara da sauro. Mai ciki tana iya ɗauke da ƙwayar zazzabin a mabiyiya ba tare da jikinta ya yi zafi ba, tana fasa ƙwayoyin jini a hankali. Shi ya sa ake ba da Fansidar a wajen awo: ƙwaya 3 a lokaci ɗaya, daga mako na 13, tazarar aƙalla wata guda tsakanin sha da sha, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Ba a shan ta a wata ukun farko, kuma wadda take kan Septrin ko jikinta ba ya karɓar magungunan salfa ba a ba ta. Folik asid mai ƙarfin miligiram 5 yana rage aikin Fansidar, don haka ki nuna wa ma'aikaciyar awo wanda kike sha ta tsara miki. Gidan sauro kowane dare, ba damina kaɗai ba. Maganin tsutsar ciki kuma ana ba da shi sau ɗaya bayan wata uku sun wuce, a asibiti, ba a kemis da ra'ayin kai ba.

Maman Biyu, Ƙofar Ƙaura:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na je yau. PCV 28, ba zazzabi, fitsari lafiya, hawan jini 110/70. An ce in riƙa shan ƙwayar ayon sau biyu a rana, an kuma ba ni Fansidar na sha a gabansu. Yaushe zan fara jin sauƙi? Kuma akwai ramuwar azumi a kaina, in fara?

Anti Ungozoma:

Madalla da kika je. 28 ƙarancin jini ne matsakaici, kuma kina da lokacin gyara shi kafin haihuwa. Sau biyun nan ki raba su, ɗaya da hantsi bayan shayin safe ya yi awa biyu, ɗaya da dare. Yawanci ana fara jin bambanci a mako biyu, amma lambar tana hawa a hankali. Ki sake gwajin bayan mako huɗu. In ba ta motsa ba alhali kina shan maganin daidai, ki koma wurin likita: ko jiki ba ya tsotsa, ko akwai wani dalili kamar tsutsa ko basir mai zubar da jini. Akwai ayon da ake sawa ta jijiya a asibiti ga wadda ƙwaya ba ta yi wa aiki ba ko haihuwa ta matso. Kuma ko kin ji garau kada ki ajiye maganin, ki ci gaba har wata uku bayan haihuwa. Muhimmancinsa a ranar haihuwa yake fitowa, domin jinin da mai PCV 35 za ta zubar ta tashi lafiya, shi zai iya kayar da mai 25.

Ramuwar azumi ki dakata da ita har jinin ya hau. Shari'a ta yi wa mai ciki sauƙi in tana tsoron cutuwa, ki tambayi malami ya yi miki bayanin yadda za ki rama daga baya.

Waɗannan kuma ba a jiran gari ya waye a kansu: numfashi yana yi miki wuya kina zaune ko kina kwance, kumburin fuska da hannuwa, ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi, zubar jini ko ruwa, zazzabi, suma, ko motsin jariri ya ragu bayan kin saba jin sa.

Uwargida Daga Daura:

Ni ta aiki zan yi. Daka, ɗaukar jarka mai lita 25 da wanki a duƙe su ne ke cinye ƙarfin mai ciki. A kai niƙa inji, wanki a yi shi a zaune kan kujera 'yar tsugunno a raba shi kwana biyu, girki mai nauyi a gama shi da sanyin safiya. Maigida ya san cewa wannan ba lalaci ba ne, lamba ce aka gani a gwaji, ki nuna masa katin. In akwai ƙanwa ko ɗiyar 'yan uwa da za ta riƙe ƙaramin ko na awa biyu da rana, a nemo ta.

Bayan azahar ki kwanta minti 30 zuwa 40, kada ya zarce har la'asar don kada barcin dare ya gagara. Ki saba da kwanciya a gefe, matashi ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya a bayanki. Daga wata na bakwai a bar kwanciyar rigingine, nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. In za ki tashi, ki fara zama a bakin gado ki ɗan jima kafin ki miƙe. Yawancin ruwanki ki sha shi da rana, ki rage bayan magariba saboda fitsarin dare.

Kwanciya yini guda kuma ƙara kasala take yi. In jirin ya lafa, ki riƙa ɗan tattaki bayan la'asar, ki fara da minti goma ki kai ashirin ko talatin, da saurin da za ki iya magana ba tare da haki ba. In kuma jinin ya hau amma har yanzu ba kya jin daɗin komai, ga yawan kuka da rashin barci sama da mako biyu, ki faɗa a wajen awo, domin ciwon damuwa ma yana zuwa da gajiya kuma ana maganinsa.