Kwana biyu a Rum da Hajiya: Kolosiyam ko Batikan?

Abu_Khadija: Assalamu alaikum. Zan kai Hajiyarmu Rum daga Milan, Asabar da Lahadi kawai gare mu, kuma gwiwarta ba ta son doguwar tafiya. Kolosiyam (tsohon filin wasan Rumawa) za mu fara ko Batikan (fadar Paparoma)? Mu sauka kusa da Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Rum?

Ɗanladi_Torino: Wa alaikumus salam. Daga filin jirgin Fiumicino ku hau jirgin ƙasa na Leonardo Express, Yuro 14, minti 32 kuna Termini.

Abu_Khadija: Malam Ɗanladi, ai ta jirgin ƙasa za mu zo.

Maman_Ilham: Ni dai ku guji bas mai lamba 64, wadda ke tashi daga Termini zuwa Batikan. A cikinta aka zuge min jaka cikin cunkoso, ban ji komai ba. Fasfo, katin banki, kuɗin guzuri, duk suka tafi. Ranar a wurin 'yan sanda na wuni, yara na kuka da yunwa. Batikan ɗin ma daga nesa na hango shi. Har yau raina ɓaci yake.

Sadiya_K: Allah Ya mayar da alheri, Anti. Tikitin Kolosiyam Yuro 16 na saya.

Ɗanladi_Torino: Tsohon farashi ke nan, yanzu 18 ne, kuma da suna ake sayarwa, sai an duba katin shaida.

Alhaji_Mai_Yadi: Ni 45 na biya a bakin ƙofa.

Ɗanladi_Torino: 'Yan baranda suka same ka, Alhaji.

Alhaji_Mai_Yadi: Yaro, zaman Torino ba sanin Rum ba ne.

Sadiya_K: Ku bar musu. Gidan tarihin Batikan a rufe yake ran Lahadi, sai Lahadin ƙarshen wata, wadda ake shiga kyauta amma layi ba ya ƙarewa. Kolosiyam akwai lif, sai dai duwatsun Forum, kufan tsohon birni da ke gefensa, za su wahalar da Hajiya.

Bala_Zinder: Kada dai ku kai ta maɓuɓɓugar ruwan Trevi, in ta ga ana watsa kuɗi a ruwa sai ta sa a tsamo a kai sadaka 😂

Sadiya_K: Ai sadakar ake yi da su, ƙungiyar agaji ta Caritas ke karɓa.

Maman_Ilham: Abu Khadija, wa ya yi wa Hajiya biza? Kuɗin bizar Shengen ta shiga Turai Yuro 90 ne, amma wani ejan a Kano ya karɓi ninkinsa wurin ƙanena don ya samo masa ranar ganawa, har yanzu shiru.

Bala_Zinder: Mu ma nan haka ne. Ya ba shi rasit kuwa?