Duk lambobin sun koma sifili, daga nan sai nan: ina na yi kuskure?

Abba_Kawo:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani kwaro a manhajar biyan kuɗi da muke aiki a kai, ba kullum yake fitowa ba, kamar sau ɗaya cikin gwaji 20, shi ya sa git bisect, mai nemo komit (canjin kod da aka ajiye) da ya kawo kwaro, ya kasa don shi so yake ka ce masa komit ɗin nan mai kyau ne ko mara kyau, ni kuma ko gwaji ya wuce ba ni da tabbas. Sai na rubuta ɗan sikirif da Python, kowane komit cikin 400 na ba shi yiwuwa daidai, idan gwaji ya faɗi in ninka waɗanda ake zargi (komit ɗin da na gwada da waɗanda suka riga shi) da 0.05 sauran da 0, idan ya wuce in ninka waɗanda ake zargi da 0.95. Na bar shi ya kwana yana gudu, da asuba na duba wajen gwaji na 600 duk lambobin sun zama 0.0, da na raba da jimla kuma sai nan nan nan har ƙasa (nan na kwamfuta, wato NaN, "ba lamba ba"). Wallahi abin ya dame ni don ranar Litinin ake jira. numpy, laburaren lissafi na Python, nake amfani da shi, da nau'in lamba float32.

Malam_Barnawa:
Wa alaikumus salam. Lissafinka lafiya lau yake ƙanena, mudun ne ya yi kaɗan. float32 ba ya iya riƙe lamba da ta gaza kusan 1.4e-45 (wato 1.4 raba 10 sau 45), duk abin da ya yi ƙasa sosai da haka sifili yake mayar da shi kuma ba zai ce maka uffan ba. Ɗauki kalkuleta ka ninka 0.05 sau 35 ka gani, ka riga ka faɗa ramin, balle ga 0.95 ɗin nan suna ta ci a hankali. Sifili raba sifili kuma shi ne nan ɗin da ka gani.

Wasu za su ce koma float64. E to zai kai ka kusan 4.9e-324, amma jinkiri ne kawai, a yadda kake tafiya gwaji dubu uku da wani abu za ka sake tarar da shi. Ka daina ninkawa, ka ajiye log ɗin kowace yiwuwa kana tarawa, log na 0.05 kusan -3 ne, ko sau dubu ka tara -3000 ne kuma wannan ba komai ba ne a wajen kwamfuta. Sai dai wajen dawowa mutane ke zamewa, idan ka yi exp (kishiyar log) na -3000 kai tsaye sifili za ka sake samu. Ka fara nemo mafi girma ka cire shi daga kowanne tukuna, na kan gaba ya zama 0, exp ɗinsa 1, jimla ba za ta taɓa zama sifili ba. Laburaren scipy na Python na da logsumexp yana yin wannan.

Ummi_U/Rimi:
Ni abin da ya fi tsaya min a rai wannan ninkawa da 0 ɗin ne. Ka ce idan gwaji ya faɗi sauran komit sun fita kenan har abada, to idan ba kwaron ba ne ya kayar da gwajin fa? Ya taɓa faruwa da ni, netwok ya yanke tsakar dare gwaji ɗaya ya faɗi a komit mai lafiya, sikirif ɗin ya kashe ainihin mai laifin, kwana biyu ina bin komit da ba ruwansa. Kuma a log abin ya fi muni don log na 0 shi ne -inf (ƙasa mara iyaka), idan duka suka zama haka -inf cire -inf nan zai ba ka. Ka sa ƙaramar lamba kamar 0.001 maimakon 0. Sannan idan kana zaɓen komit na gaba da entirofi (ma'aunin rashin tabbas) ka kula da p sau log p idan p, wato yiwuwar, sifili ne, numpy nan yake bayarwa a nan ma.

Sadiq_TudunWada:
Ni dai raba da jimla nake bayan kowane gwaji ba sai ƙarshe ba, manyan ba sa mutuwa haka. Idan kana son ka tabbatar gwada ƙaramin misali da fractions.Fraction, a hankali yake amma ba ya kuskure, ka kwatanta.

Abba_Kawo:
Allah ya saka da alheri. Na koma log da float64, na sa 0.001 kamar yadda Anti Ummi ta ce, sa'a kuma na ajiye sakamakon daren jiya a fayil ban sake gudu ba. Yanzu komit biyu da ke maƙwabtaka ne suka riƙe kusan duka, 0.58 da 0.39, kuma na farkon ya taɓa wajen da muke sake tura buƙata idan sabar ta yi jinkiri. Yaya Sadiq Fraction ɗin ya ba ni daidai da na log a gwaji 50 na farko. Zan bar shi ya ƙara gudu a tsakanin biyun zuwa la'asar.