Me za mu kira "muwaɗana" da Hausa?

Jama'a, ku taimaka mana. Mu ɗaliban shari'a 'yan Mai Wurno da ke Sudan muna mayar da darasin tsarin mulki da ake mana a jami'a zuwa Hausa, mu naɗa a murya mu tura wa iyayenmu ta WhatsApp. Dastur bai ba mu wahala ba, kundin tsarin mulki ne. Kalma ɗaya ce ta hana mu sakat: muwaɗana, kalmar Larabci da Bature ke ce wa "citizenship".

Kuma babu halin tsallake ta. Sashe na 7 na kundin 2005 a kanta ya ɗora haƙƙoƙi da wajiban kowane ɗan Sudan daidai wa daida, takardar mulkin riƙon ƙwarya ta 2019 ma haka.

Wani ɗan ajinmu ya ce kishin ƙasa. A'a, wannan waɗaniyya ce, abin zuci. Takardar zama ɗan ƙasa kuwa jinsiyya ce, ana ninke ta a saka a aljihu.

Da na kawo "ɗan-ƙasanci" sai na gwada wa Kawu, yana zaune a tabarma yana gyaran koma. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Yaro, wa ke ɗan ƙasa, wa ke baƙo?" Nan jikina ya yi sanyi. A bakin Bahaushe ɗan ƙasa yakan nufi wanda aka tarar a wuri. Da wannan ma'anar aka yi ta kiran Hausawa baƙi lokacin rikicin jihar Blue Nile a Yulin 2022, alhali kakanninmu sun sauka bakin kogin nan bayan yaƙin Burmi na 1903 tsakanin Sarkin Musulmi Attahiru da Turawa. Ba zan saka wa darasin daidaito sunan da za a iya juya shi a kore mu da shi ba.

Ni dai na tsaya a kan "'yancin ɗan ƙasa". 'Yanci daga ɗa ya fito, ɗan da ba bawan kowa ba, wanda ba a tambayarsa yaushe ya zo. Kawu ya amince, amma ya ce an bar rabi, ina haraji da bin doka? Gaskiyarsa. Shi ya sa darasin kansa muka raɗa masa "ilimin 'yanci da nauyin ɗan ƙasa". Ya yi tsawo, na sani.

'Yan uwa na Kasala da Gadarif, ku gwada wa tsofaffinku ku gaya mana yadda ta zauna a kunnensu. Ranar Juma'a bayan la'asar za mu naɗi kashi na farko.