Wai lissafin taurarin Indiya ya fi na Turawa gaskiya?

Baban Yara: Salamu alaikum jama'a. Ni dai na gama yanke hukunci, in dai maganar taurari ce Indiyawa sun fi Turawa gaskiya nesa ba kusa ba. Turawa sun raba sama gida 12 kacal, duk wanda aka haifa daga 23 ga Yuli zuwa 22 ga Agusta wai Leo ne, miliyoyin mutane halinsu ɗaya kenan? Su kuwa Indiyawa gida 27 gare su, nakshatra suke ce musu, wata suke bi, kuma nasu yana zaune kan taurarin da ke sama da gaske, na Turawa ya goce tuntuni. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Ɗalibin Pune: Wa alaikumus salam yaya. Tun farko ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Su ma Indiyawa suna da gida 12 ɗin nan, rashi suke cewa, Mesha, Vrishabha, Mithuna har zuwa Meena, kuma rago ne da sa da tagwaye har kifi, irin na Turawan sak, don asalinsu Babila ne wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya ta hannun Girkawa suka shiga Indiya. Nakshatra ɗin ne nasu na gado, sunayensu na cikin tsofaffin littattafan addinin Hindu da ake kira Veda. Yau kuma tare suke aiki da su, kowace nakshatra digiri 13 da minti 20, an yanka ta kashi 4 ana ce wa kowane kashi pada, gaba ɗaya 108, kowane rashi ya ɗauki 9. To ka ga ba 27 ce ta kori 12 ba, a faifai ɗaya suke zaune.

Baban Yara: To ai ka ƙara min hujja ne ɗan'uwa, 108 da 12 wa ya fi tsefe abu?

Malamin Lissafi: Yawan yanka ba shi ne gaskiya ba Alhaji. In ma'aunin ka na awon hatsi ne ka ce da shi za ka gane zazzaɓi, ko ka raba shi gida dubu ba zai gaya maka komai ba. Amma maganar gocewa da ka yi tana da tushe, bari in warware ta. Duniya tana ɗan layi a kan ƙafarta, zagaye ɗaya kusan shekara 26,000, shi ya sa wurin da rana take tsayawa ranar da dare da yini suka yi daidai a watan Maris yake ja baya kusan digiri 1 duk shekara 72. Hipparchus, masanin taurari Bagirke, ya gano haka tun ƙarni na 2 kafin Annabi Isa. Turawa sun ɗaure farkon Aries, wato rago, da wannan ranar, 20 ko 21 ga Maris, wato yanayin shekara suke bi, kuma da sanin su suka yi, ba mantuwa ba ce. Indiyawa suka ɗaure nasu da taurari. Wajen shekara ta 285 lissafin biyu sun haɗu, yanzu tazarar ta kai kusan digiri 24, shi ya sa a Indiya rana ba ta shiga Mesha sai 13 ko 14 ga Afrilu. Wanda aka haifa 5 ga Agusta Bature zai ce masa Leo, Ba'indiye ya ce ranarsa tana Karka, wato Cancer, gidan da ke kafin Leo.

Maman Biyu: Ni abin da ya ɗaure min kai, ƙanwata ta sa ranar haihuwarta a manhajar Indiyawa sai ta ba ta wani buruji can daban, ba ma na kusa da na Turawan ba, ya aka yi haka?

Ɗalibin Pune: Hajiya ai nan Indiya in mutum ya tambaye ki rashi ɗinki yawanci inda wata yake lokacin haihuwa yake nufi, ba rana ba. Wata kuwa gudu yake, kwana 27 da ɗan ɗori ya gama zagaye, kusan nakshatra ɗaya kowane dare, daga nan ma 27 ɗin ta fito. A tatsuniyarsu wai duk nakshatra ɗin matan wata ne yana kwana ɗakin kowace, Rohini ce mowa, kamar yadda mu muke cewa Zara matar wata.

Malamin Lissafi: Kuma Alhaji ka daina cewa nasu yana kan taurarin sama sak. Taurarin sama ba a jere suke daidai wa daida ba, rana tana yin sama da kwana 40 a Virgo amma kusan sati ɗaya kawai take yi a Scorpio, har ma tana ratsa wani rukuni na 13, Ophiuchus, wanda duk su biyun ba sa ƙirgawa. Su ma Indiyawa yanka suka yi da ruwla, rashi digiri 30 30, nakshatra digiri 13 da minti 20. Nakshatra ɗinsu Swati tauraron Arcturus ne, yana can arewa kusan digiri 30 daga hanyar rana. Sannan su kansu ba su daidaita kan inda za a fara awo ba, akwai lissafin Lahiri wanda gwamnati ta ɗauka bayan kwamitin gyaran kalanda da Meghnad Saha ya jagoranta a shekarun 1950, an kafa shi da tauraruwar Chitra, akwai na Raman da ya bambanta da shi fiye da digiri ɗaya, wata kuma yana cinye pada guda cikin awa 6, to yaro ɗaya masu duba biyu kowa ya ba shi pada daban, har harafin farko na sunansa ya canza tunda daga pada suke ciro shi.

Ɗan Sakkwato: Ku kuna ta zuwa Indiya, mu fa muna da wannan a gida. Tsofaffin malamanmu suna ƙirga manzilolin wata 28 na Larabawa, kowace kwana 13 sai Jabha 14, ya zama 365, da su ake sanin shigar damina da lokacin shuka. Kaza da 'ya'yanta da muke gani ita ce Suraiya, ita ce kuma Krittika ɗin Indiyawa, Dabaran ita ce Rohini. Su ma Indiyawa suna da ta 28, Abhijit, sun ajiye ta gefe ne. Masanin nan Albiruni ma ya jera na Larabawa da na Indiya ya kwatanta su wajen shekara ta 1030.

Alaramma: Madalla da wannan. 'Yan'uwa ku raba abu biyu don Allah. Manzilolin wata gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace su a Yasin aya ta 39, a Yunus aya ta 5 kuma ya faɗi amfaninsu, don ku san adadin shekaru da lissafi. Sanin lokaci da alƙibla da hanya da taurari babu laifi. Amma a ce tauraro ne ya sa ka zama mai fushi ko ya hana ka arziki, wannan shi ne aka hana. A Hudaibiyya bayan ruwan dare Manzon Allah SAW ya yi gargaɗi kan mai cewa an yi mana ruwa saboda tauraro kaza, hadisin yana Bukhari da Muslim. To ko 12 ne ko 27 hukuncin bai canza ba.

Baban Yara: Allah gafarta Malam na ji, ni ba duba nake yi ba wlh. Amma a ilimance dai, mutane masu ɗimbin yawa suna aiki da abu dubban shekaru, har lissafin rayuwar mutum na shekara 120 suke fitarwa daga nakshatra ɗin haihuwa, ace duk ba komai a ciki? Ban yarda ba.

Maman Biyu: Daɗewa dai ba hujja ba ce Alhaji, camfi nawa ne ya daɗe.

Ɗalibin Pune: Yaya ni abin yana min ciwo ne don ba wasan waya ba ne a nan. Kafin aure ana haɗa taurarin saurayi da budurwa, maki 36 ne, in ba su kai 18 ba iyaye da yawa sai su fasa, mutum biyu suna son juna. A kudu yarinyar da aka haifa a nakshatra ɗin Mula ana cewa za ta zama sanadin mutuwar surukinta, ta Ashlesha kuma uwar miji, yarinya ba ta yi laifin komai ba sai awar da uwarta ta haihu, ta rasa manema. Kuma an gwada abin fa. A nan birnin Pune a 2008 Jayant Narlikar, babban masanin sararin samaniya, shi da abokan aikinsa sun ba masu duba bayanan haihuwar yara masu hazaƙa da yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa a cakuɗe suka ce su ware, ba su wuce abin da canki-canka zai bayar ba. Na Turawa ma Shawn Carlson ya gwada a 1985 a mujallar Nature, shi ma bai ci gwajin ba.

Baban Yara: To me ya sa jami'o'insu suke koyar da shi?

Ɗalibin Pune: Hukumar jami'o'i ce ta buɗe ƙofar a 2001, masana kimiyyar ƙasar suka yi ca a kai, Narlikar na cikin su, aka je har kotun ƙoli, a 2004 ta ƙi hanawa. Amma kotun cewa ta yi ba za ta tsoma baki a tsarin karatu ba, ba ta ce ta auna abin ta ga yana aiki ba.